Giyar Port ta shekarar haihuwa

Giyar Port ta shekarar haihuwa kwalba ce, ko akwatin kwalabe, na giyar inabi ta ƙasar Fotugal wadda aka girbi inabinta a shekarar da aka haifi wani mutum. Ana sayenta ko dai don a ajiye wa jariri har ya girma, ko kuma don a bai wa babba kyauta ranar da ya cika shekara 21, 40 ko 50. Al'adar ta fi ƙarfi a Birtaniya, daga can ta bazu zuwa Amurka da wasu ƙasashen Turai. Abin da ya sa aka fi zaɓen Port don wannan hidima shi ne daɗewarta: yawancin giyar inabi takan lalace cikin 'yan shekaru, ita kuwa Port mai kyau tana iya kai shekara 50 ko fiye a cikin kwalba. Wahalar da ke ciki ita ce, ba kowace shekara ce ake fitar da irin wadda ake kira Vintage ba, don haka mutane da yawa ba su da Vintage ta shekararsu.

Suna da kalmomi

Sunan giyar ya samo asali ne daga birnin Porto, inda kogin Douro ya faɗa cikin tekun Atilantika. 'Yan ƙasar suna ce mata vinho do Porto. Ba a noma inabin a birnin. Gonakin suna can gabas a kwarin Douro, kusan kilomita 100 daga bakin teku. Birnin tashar jiragen ruwa ce kawai da ake fitar da kayan, shi ya sa sunansa ya bi su.

Kalmomi biyu ne ke rikita mai saye, domin asalin ma'anarsu kusan ɗaya ce amma a doka abubuwa biyu ne. Ta farko ita ce Vintage, kalmar Turanci wadda tushenta ke komawa ga vindemia ta Latin, wato tsinkar inabi, wadda kuma ita ce ta haifi vindima a harshen Fotugal. Ta biyu ita ce Colheita, wadda ke nufin girbi a harshen Fotugal. Dukansu giyar shekara ɗaya ce tak, kuma dukansu suna ɗauke da shekarar a jikin kwalba. Bambancin yana wurin da giyar ta tsufa: Vintage a cikin kwalba, Colheita a cikin gangar katako. Kasancewar kalmomin Turanci irin su Vintage, Ruby da Tawny a cikin dokar Fotugal alama ce ta yadda 'yan kasuwar Birtaniya suka daɗe suna riƙe da wannan ciniki.

Tarihi a taƙaice

Cinikin ya bunƙasa ne a ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da yaƙe-yaƙe tsakanin Ingila da Faransa suka toshe hanyar giyar Faransa. Yarjejeniyar Methuen ta 1703 ta rage wa giyar Fotugal kuɗin fito a Ingila, ta zama ta fi ta Faransa araha. Da kasuwa ta buɗe sai algus ya yi yawa, har farashi ya faɗi. A 1756 gwamnatin Fotugal, ƙarƙashin ministan da aka fi sani da Marquês de Pombal, ta kafa kamfanin da zai kula da noman, aka shata iyakar yankin da ke da izinin yin giyar, aka kakkafa duwatsu sama da 300 don nuna iyakar. Wannan ya sa Douro na cikin yankunan inabi mafiya daɗewa a duniya da doka ta shata.

Tsofaffin gidajen cinikin har yanzu suna nan da sunayensu: Kopke tun 1638, Warre's tun 1670, Taylor's tun 1692, Ferreira tun 1751, Sandeman tun 1790, Graham's tun 1820, Niepoort tun 1842. A da, ana ɗora gangunan a kan jiragen ruwa masu faffaɗan ƙasa da ake kira rabelo, a gangaro da su zuwa Vila Nova de Gaia, garin da ke tsallaken kogi daura da Porto, inda iskar teku ke sanyaya rumbunan ajiya. An daina wannan sufuri a shekarun 1960. Hukumar da ke kula da inganci a yau ita ce Instituto dos Vinhos do Douro e do Porto, wadda ake taƙaitawa IVDP, kuma tushenta cibiya ce da aka kafa a 1933. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya yankin Alto Douro cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ke sa ta daɗe

Kwarin Douro wuri ne mai tuddai, ƙasarsa dutse ce mai ɓantarewa falle-falle, an sassaƙe gangaren hawa-hawa kamar matakala don a samu wurin shuka. Duwatsun Marão suna tare ruwan saman da ke tasowa daga teku, don haka rani yana da tsanani, zafi kan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Inabin da ke fitowa ƙanana ne masu kaurin ɓawo. Fitattun ire-irensa su ne Touriga Nacional, Touriga Franca, Tinta Roriz, Tinta Barroca da Tinto Cão.

Ana girbi galibi a watan Satumba. A tsohuwar hanya, wadda wasu gidajen ke bi har yau don giyarsu mafi daraja, ana zuba inabin cikin wani faffaɗan kwami na dutse da ake kira lagar, mutane su shiga su tattaka da ƙafa na sa'o'i. Ruwan yakan fara tsimuwa, wato yis yana cin sukari yana mai da shi barasa. Bayan kwana biyu zuwa uku, tun sukarin bai ƙare ba, sai a zuba masa tataccen ruwan barasa na inabi da ake kira aguardente, mai ƙarfin kashi 77 cikin 100. Ma'aunin da aka saba shi ne lita 115 na aguardente a kan lita 435 na giya, su cika ganga ɗaya mai lita 550 da ake kira pipa. Barasar takan kashe yis ɗin, tsimuwar ta tsaya, sauran sukarin ya zauna. Abin da ke fitowa giya ce mai zaƙi, mai ƙarfin kashi 19 zuwa 22 cikin 100.

Abubuwa uku ne ke tsare ta daga lalacewa: yawan barasar, yawan sukarin, da kuma sinadarin bauri da ke fitowa daga ɓawo da 'ya'yan inabi, irin baurin da ake ji a ɗanyen goro ko shayin da ya daɗe a wuta. Sabuwar Vintage baƙa ce wuluk, mai bauri ƙwarai. Cikin shekaru baurin da launin sukan haɗu su kwanta a gindin kwalba kamar laka, giyar ta yi haske ta yi laushi. Masana harkar sukan ce Vintage ta babbar shekara ba ta nuna kafin shekara 15 zuwa 20, abin da ya zo daidai da lokacin da jariri ke ɗauka kafin ya zama baligi a doka.

Al'adar ajiye wa jariri

A gidajen masu hali na Ingila a ƙarni na 19 da farkon na 20, uba ko uban baftisma yakan sayi ganga guda ta Port da sunan yaron da aka haifa. Gangar fitarwa tana ɗaukar kimanin lita 534, wato sama da kwalabe 700. Ɗan kasuwar giya ne ke ɗura ta a kwalabe, a jera a ɗakin ƙarƙashin ƙasa har yaron ya cika shekara 21, wadda ita ce shekarar balaga a dokar Ingila kafin a mai da ita 18 a 1970. Kyautar tana da fuska biyu, domin dukiya ce kuma: wanda ya gaje ta yana iya sayar da wani kaso a gwanjo. A yau da wuya a ga mai sayen ganga. Akwati mai kwalabe 6 ko 12 shi ne abin da aka saba, wasu ma kwalba ɗaya.

Al'adar ta taso ne a cikin al'ummar Kirista ta Turai, kuma tana da alaƙa da bikin baftisma. Musulunci ya haramta shan giya da cinikinta, wasu ɗariƙun Kirista ma suna ƙaurace mata, saboda haka ba ta samu gindin zama a cikin waɗannan al'ummomi ba. Ta fuskar lafiya, Port ta fi giyar inabi ta yau da kullum ƙarfi sosai, kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abubuwan sha masu barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji.

Ayyana shekara

Nan ne gizo ke saƙa. Babu wata hukuma da ke tashi ta ce shekara kaza ta Vintage ce ga kowa. Kowane gida shi ke yanke wa kansa shawara. Bayan girbi giyar takan kwana biyun hunturu a ganga, masu ɗanɗano suna bibiyarta. Idan gidan ya gamsu, sai ya aika samfuri ga IVDP. Idan hukumar ta amince, sai ya sanar, abin da ake kira ayyana shekara. Sanarwar takan fito a bazarar shekara ta biyu bayan girbi, kuma gidan Taylor's ya saba yin tasa ranar 23 ga Afrilu. Dole a ɗura giyar a kwalba a shekara ta biyu ko ta uku bayan girbi, ba tare da an tace ta ba.

Ma'anar wannan ga iyaye ita ce, ranar suna babu abin da za a saya. Yaron da aka haifa a 2011 sai a 2013 aka san cewa shekararsa ta samu shiga, a shekarar ce kuma kwalaben suka fito kasuwa. Manyan gidaje sukan ayyana kamar sau uku ne a cikin shekara goma, kuma Vintage ɗan ƙaramin kaso ce na dukan Port da ake yi.

Shekarun da gidaje da yawa suka ayyana tare, tun daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sun haɗa da 1945, 1955, 1960, 1963, 1966, 1970, 1975, 1977, 1980, 1983, 1985, 1994, 1997, 2000, 2003, 2007, 2011, 2016 da 2017. Ba duka ne darajarsu ɗaya ba. Ana ɗaukar 1945, 1963, 1970, 1994 da 2011 a sahun gaba. Ta 1975, wadda aka yi a cikin ruɗanin da ya biyo bayan juyin juya halin Afrilun 1974, ta fito da rauni, kuma yawancin kwalabenta sun wuce ganiyarsu tuni. Ta 1985 ta samu yabo da farko, daga baya aka ga wasu gidajen giyarsu ba ta tsufa da kyau ba, don haka a wannan shekara sunan gida ya fi lambar shekara muhimmanci. Mujallar Wine Spectator ta Amurka ta zaɓi Taylor's da Fonseca na 1994 tare a matsayin giyar shekara a 1997, ta kuma bai wa Dow's ta 2011 wannan matsayi a 2014, abin da ya ɗaga farashinsu.

Akwai kuma shekarun da kan gidajen ya rabu. A 1991 Graham's, Dow's da Warre's suka ayyana, Taylor's da Fonseca suka ƙi, suka zaɓi 1992. Haka aka yi tsakanin 1934 da 1935, da kuma 1982 da 1983. Wanda aka haifa a ɗaya daga cikin irin waɗannan shekaru yana da abin saye, sai dai ba daga kowane gida ba. Ayyana 2016 da 2017 a jere da manyan gidaje suka yi abu ne da ba a saba gani ba.

Wani lokaci ma ba ingancin inabi ke yanke hukunci ba, kasuwa ce. Shekarar 1931 ta yi kyau ƙwarai, amma duniya na cikin karyewar tattalin arziki, rumbunan Ingila kuma cike suke da ta 1927 da ba a sayar ba, sai kusan kowa ya ƙyale ta. Gidan Quinta do Noval na cikin 'yan kaɗan da suka fitar, kuma kwalbarsa mai suna Nacional ta 1931 ta zama ɗaya daga cikin mafiya tsada a tarihin Port. Nacional tana fitowa ne daga wata 'yar gona da itatuwanta ke tsaye a kan saiwarsu ta asali, ba a yi musu aure da saiwar Amurka ba kamar sauran gonakin Turai bayan annobar ƙwaron phylloxera ta ƙarni na 19.

Idan ba a ayyana shekarar ba

Wannan shi ne halin da mafi yawan masu nema ke samun kansu, kuma akwai mafita uku.

Ta farko ita ce Vintage ta gona ɗaya. Quinta na nufin gona. A shekarun da suka yi kyau amma ba su kai a sa musu babban sunan gida ba, gidajen sukan fitar da giyar gonarsu mafi kyau da sunan gonar: Quinta de Vargellas ta Taylor's, Quinta dos Malvedos ta Graham's, Quinta do Bomfim ta Dow's, Quinta da Cavadinha ta Warre's. Fonseca kuma yana da suna na biyu, Guimaraens. A doka waɗannan ma Vintage ne, hanyar yinsu ɗaya ce, sun fi araha, kuma sun fi saurin nuna. Ga jaririn da za a jira ya kai 18 ko 21 sun wadatar. Ga wanda ke son a kai shekara 50, ba su ne zaɓin farko ba.

Ta biyu ita ce Colheita, kuma ga mai neman kyautar babban mutum ita ce ta fi dacewa a lokuta da yawa. Doka ta ce sai ta yi aƙalla shekara 7 a ganga, amma gidaje irin su Kopke, Niepoort, Burmester, Barros da Krohn suna riƙe gangunan shekaru da dama, suna ɗurawa kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙata. Iskar da ke ratsa katako takan mai da launinta ruwan zuma, ɗanɗanonta ya koma kamar na busassun 'ya'yan itace da gyaɗa soyayya. Takardar jikin kwalbar tana nuna shekara biyu: ta girbi da ta ɗurawa. Tunda giyar ta yi zamanta a rumbun mai ita, haɗarin mummunar ajiya kaɗan ne, kuma ana samunta a shekaru da yawa da babu Vintage. Sai dai ba a saya wa jariri ita, domin ba za ta fito ba sai ya haura shekara 7, kuma da zarar an ɗura ta ba ta ƙara kyau a kwalba. Gidan Taylor's ya shiga wannan kasuwa a 2014, lokacin da ya fitar da ta 1964 don masu cika shekara 50.

Ta uku ita ce a bar batun shekarar girbi, a bi adadin shekaru. Akwai Tawny da ake rubuta wa shekara 10, 20, 30 ko 40. Wannan lamba ba ranar haihuwar giyar ba ce: gauraye ne na giyar shekaru daban-daban wanda masu ɗanɗanon hukuma suka yarda ya kai kamannin wannan tsufa.

Akwai wadda ya kamata a yi hattara da ita. Late Bottled Vintage, ko LBV, tana ɗauke da shekara da kuma kalmar Vintage, ga araha, don haka takan ruɗi sabon shiga. Takan yi shekara 4 zuwa 6 a ganga, kuma yawancinta an tace ta don a sha nan kusa. Wadda ba a tace ba tana iya jure 'yan shekaru, amma ajiye LBV shekara ashirin asarar kuɗi ce.

Shekarun da ruwan sama ya ɓata girbi, irin su 1993 da 2002, kusan babu Vintage a cikinsu. A nan wasu sukan koma ga giyar tsibirin Madeira, wadda ita ma ta Fotugal ce kuma ta fi Port jure tsufa da zafi, ko Armagnac ta Faransa da ake sayarwa da shekarar girbi.

Duba tsohuwar kwalba

Wanda zai sayi Vintage mai shekara 30 ko 50 yana sayen tarihin ajiyarta ne tare da ita. Kwalabe biyu na gida ɗaya da shekara ɗaya suna iya bambanta ƙwarai idan ɗaya ta zauna a ɗaki mai sanyi, ɗaya kuma a kan kanta kusa da taga. Abin da ake fara dubawa shi ne inda giyar ta tsaya: idan tana cikin wuyan kwalba ko a saman kafaɗa, alama ce mai kyau; idan ta sauka ƙasa da kafaɗa, iska ta shiga. Danƙo ko busasshen tabo a bakin kwalba yana nuna yoyo, matoshin da ya turo sama kuma yana nuna ta sha zafi. Yagaggiyar takarda ba laifi ba ce, domin ɗakin ajiya mai laima yana cin takarda, kuma an saba buga sunan gida da shekara a jikin matoshin.

Har zuwa girbin 1970 ana kai Vintage Birtaniya a ganga, 'yan kasuwar can su ɗura, shi ya sa ake ganin tsofaffin kwalabe da sunan wani ɗan kasuwar Landan ko Bristol a jiki. Wannan ba alamar jabu ba ce. Daga girbin 1975 duka a Fotugal ake ɗurawa. Kwalaben zamani suna da hatimin garanti na hukumar, siririyar takarda da ake ratsawa a kan bakin kwalba ko a liƙa a bayanta. A Tarayyar Turai sunan Port na giyar Douro ne kaɗai, amma wasu ƙasashe suna yin makamanciyarta, saboda haka ana duba inda aka yi ta.

Ajiya da buɗewa

Ana kwantar da kwalbar Vintage ne don matoshin ya zauna a jiƙe, a wuri mai duhu, marar girgiza, da sanyin da bai cika canzawa ba, wajen digiri 12 zuwa 15. Wasu tsofaffin kwalabe suna da ɗigon farin fenti a gefe, wanda ke nuna ɓangaren da ke kallon sama, don lakar ta ci gaba da taruwa a wuri ɗaya. A ƙasashe masu zafi ɗakin gida ba ya riƙe ta shekara ashirin. Ko a Birtaniya masu saye da yawa sukan bar akwatinsu a rumbun ɗan kasuwa suna biyan kuɗin ajiya duk shekara, kuma idan aka tara wannan kuɗi na shekara 21 yana iya zama kaso mai tsoka na farashin giyar.

Kafin ranar buɗewa ana tsayar da kwalbar kwana ɗaya don lakar ta sauka. Tsohon matoshi yakan marmashe, don haka akwai wata dabara ta gargajiya: a gasa wata awartaki ta ƙarfe har ta yi ja, a matse wuyan kwalbar da ita na ɗan lokaci, a cire, a shafa tsumma mai ruwan sanyi, sai wuyan ya tsage ya fita tare da matoshin. Daga nan a tsiyaye giyar a hankali cikin wata kwalbar, a bar lakar a baya. A teburin Ingila ana miƙa kwalbar ta hannun hagu, daga mutum zuwa mutum. Tsohuwar Vintage ba ta jure iska, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙamshinta ke gushewa, yayin da Colheita da Tawny, waɗanda suka saba da iska tun a ganga, kan yi makonni bayan an buɗe su.